Shawarwari kan shigar mutum-mutumi aikin zane da gini

A wata tattaunawa da masu zanen gine-gine da injiniyoyi suka yi, shawarar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce mai zane ya san injin da zai yi aikin tun kafin ya ja layin farko a kwamfuta. Na'urar da ke zuba kankare, wadda bakinta ke bin taswira yana shimfiɗa kwaɓaɓɓen siminti zube bisa zube, bangon da ya lanƙwasa ba ya ba ta wahala, alhali irin wannan bango kan cinye wa birkila kwanaki. Saboda haka wanda ya kawo mata zanen da aka tsara don bulo ya yi asarar rabin amfaninta.

An kuma ja kunnen masu ruɗuwa da saurin na'urar. A Malawi, kamfanin 14Trees ya zuba bangon wata makaranta cikin awa 18, amma bango kaɗai ke nan. Harsashi da rufi da tagogi da wayar lantarki duk hannun mutane suka jira, kuma a nan kuɗi da lokaci suke tafiya.

Kwaɓin ma sai an kula, domin idan ya yi ruwa zuben ƙasa zai baje, idan ya yi tauri ya toshe bututu, zafin rana kuwa yana canza shi tsakanin hantsi da azahar. Wani mahalarci, wanda a ganina ya fi kowa gaskiya, ya ce a fara tambayar wa zai gyara injin idan ya tsaya, da kuma ko hukumar ba da izinin gini ta amince da irin bangon.