Neman shawara: turarena ba ya daɗewa, ko jabu aka kawo min?

Assalamu alaikum 'yan uwa. An kawo min tsarabar turaren Daisy na Marc Jacobs, mai murfin fararen furanni. Ƙamshinsa ya yi min sosai, sanyi-sanyi ne, na ɗanyen fure da ɗan zaƙin 'ya'yan itace, ba ya hawa kai. Matsalar ita ce in na fesa da safe, kafin azahar ya gudu. Na saka shi zuwa biki, ko mutum ɗaya bai ce uffan ba. Jabu ne, ko dama haka yake?

Mai shagon turare a Zoo Road: Wa alaikumus salam Hajiya. Duba kwalin, za ki ga Eau de Toilette. Irin wannan turare, man ƙamshin da ke cikinsa kaɗan ne, wajen kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Tun fitowar Daisy a 2007 haka aka haɗa shi. Da kin fesa, ɗan tsami da zaƙin nan ne ke fara bugo hanci, kuma shi ke fara tashi. Sai furanni irin su yasmin su biyo, daga ƙarshe miski da banila su kwanta a fata, sai wanda ya matso kusa zai ji. Ga zafin Kano, musamman bazara, yana ƙara saurin tashinsa. Rashin daɗewa kaɗai ba ya nuna jabu ne. Gwada lambar da ke gindin kwalba da ta jikin kwali, ki ga ko sun zo ɗaya.

Anti daga Gwammaja: Ƙanwata, ke ma kin ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Gidan biki, kowa ta sha humra da turaren wuta, wa zai ji Daisy? Na zuwa ofis ne, ko makaranta, ko dubiya asibiti inda ba a son ƙamshi mai ƙarfi. Kuma in kin turara kaya da sandal, kar ki fesa a kai, danne shi zai yi gaba ɗaya.

Wata daga Hotoro: Ki fara shafa mai marar ƙamshi a wuya da hannu sannan ki fesa, ki ɗan yi wa mayafi daga nesa, yadi ya fi fata riƙewa. Wani lokacin ma yana nan, hancinki ne ya saba. Kar dai ki bar kwalbar a mota ko bakin taga.

Wata daga Fagge: Ni fa ban ga dalilin kashe wannan kuɗin a turaren da sai na yi ta lallaɓa shi ba. Tunda kyauta ce, ki more abinki, amma ranar biki ki nemi humrarki.