TDA2030A na ƙugi, kuma yana zafi ko ba kiɗa

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum malamai. Amfilifaya ce haɗin hannu, da IC ɗin ƙara sauti TDA2030A guda biyu, taransifoma 12-0-12, kafasito 2200µF a kowane ɓangare, sifika mai om 4. Sauti na fita, amma akwai ƙugi ko an rage murya gaba ɗaya, IC ɗin kuma na ɗaukar zafi ko ba a saka komai ba. Ta ina zan fara?

Mai_Dalma: Wa alaikumus salam. Tunda ƙugin bai tafi ba da ka rage murya, to ba daga wayar shigar sauti yake zuwa ba, bayan folum yake. Na fi zargin giraun, wato layin bolt sifili da duk sassan ke komawa gare shi. Wayar tsakiyar taransifoma ta tafi kai tsaye mahaɗar manyan kafasito biyun nan. Daga wannan mahaɗa ka ja gajeriyar waya mai kauri, a ƙarshenta ka tara giraun na sifika, na folum da na bod, kowanne da wayarsa. Kada ka jera su ɗaya bayan ɗaya, domin kafasito na jan wuta ne da fizga, sau 100 a daƙiƙa idan layinku 50Hz ne, kuma duk giraun ɗin sauti da ya bi wannan hanya sai ya kwashi fizgar. Ka kuma ƙara kafasito zuwa 4700µF.

Bakanike_Rediyo: Maganar giraun daidai ce, amma Malam, ƙarin kafasito ba zai kashe wannan ƙugin ba. IC biyu a zaune wajen amfiya 0.1 suke ja, rawar wutar ba ta kai rabin bolt ba ko da 2200µF. Amfanin 4700µF sai an ƙure murya.

Zafin ya fi damuna. Ɗumi kaɗan dole ne, amma in yatsa ba ya iya zama a kai, mai yiwuwa IC ɗin na kaɗawa a mitar da kunne ba ya ji. Duba ko akwai kafasito 100nF a ƙafa ta 5 da ta 3 (ƙafafun shigar wuta) zuwa giraun, manne da IC ɗin, ba can gefen bod ba. A ƙafa ta 4 kuma, wadda ke fitar da sauti, a sa rizisto om 1 jere da kafasito 220nF zuwa giraun. In wannan rizisto na zafi ba kiɗa, ka kama ɓarawon. Kada ka rage ƙarfin ninkawa ƙasa da 24dB, ba ya natsuwa a can. Rizisto 22k da na om 680 su ne haɗin da aka saba saita ƙarfin ninkawar da shi. Cire sifika ka auna DC a ƙafa ta 4, ya kamata ka gan shi dab da sifili.

Sabon_Hannu: Na gode ƙwarai. Farantin sanyaya fa? Na ɗaure shi a jikin akwatin ƙarfe.

Bakanike_Rediyo: To tsaya, kashe wuta tukuna. Ƙarfen bayan TDA2030A haɗe yake da ƙafa ta 3, wato wajen bolt 16 negetib a haɗinka. In akwatin giraun ne, sai ka sa fallen maika mai hana wuta wucewa da man sanyaya tsakanin IC ɗin da farantin, da robar da ke raba ƙusa da ƙarfen, sannan ka auna da mita ka tabbatar ba su haɗu ba. Kunnawar farko ka jera ƙwan fitila mai zare, wat 60, a layin shigar taransifoma: in ya tsaya da haske sosai, akwai shot. Kuma kada kwaɗayin ƙara ya kai ka ga 18-0-18, zai ba ka kusan bolt 25, alhali iyakar IC ɗin 22 ce a kowane ɓangare.