Riyalin Kaka: da shi aka taso daga Burmi, ko a nan aka same shi?

Sani Mai Wurno: Salamu alaikum 'yan uwa. Ga riyalin azurfar Kaka, wanda Larabawa ke kira abu nukɗa, mai hoton matar nan da mikiya mai kai biyu. Tun muna yara ake ce mana da shi aka yi hijira zuwa nan Sudan bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila a 1903. Ga 1780 ƙarara a jikinsa. Wani a kasuwar Sannar ya taya shi kuɗin nauyin azurfa kawai. Wannan ba raini ba ne?

Malam Habu Maƙeri: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada shekarar nan ta ruɗe ka. Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. Na jiya da na shekara ɗari duk 1780 ne.

Sani Mai Wurno: Kawu, ke nan iyayenmu ƙarya suka yi?

Malam Habu Maƙeri: Subhanallahi, ban ce ba. Na ce shekarar ba hujja ba ce. Hujja tana wurin hatimin ƙarfen da aka buga shi da shi. Da hannu ake gyara hatimi, kowane gidan bugu da 'yan alamominsa. Roma ta fara bugawa a 1935, Landan a 1936, sannan Bambai ta Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu. In naka na ɗaya daga cikinsu ne, to bai ga Burmi ba.

Hajiya Rabi Madani: Ni dai ban yarda a ɗauko madubin ƙara girma a rushe maganar dattawa ba. Gurus, wato irin wannan riyalin, ai sananne ne a Kano da Sakkwato tun kafin zuwan Nasara. Mutanen da suka bar gidajensu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, me za su ɗaura a gindin zani in ba azurfa ba?

Usman Umdurman: Gaskiyarki Hajiya, ba mai musun an taho da irinsa. Amma irinsa daban, shi kansa daban. Mata nawa suka sayar da nasu a shekarar yunwa, da aka samu sarari suka sayi wani suka mayar cikin sarƙa? Yaya Sani, duba ƙarƙashin hoton matar. S.F. ne? Sannan ka juya, ka ƙirga gashin tsakiyar wutsiyar mikiyar.

Sani Mai Wurno: S.F. ne. Wutsiyar ta side, ban iya rarrabewa.

Usman Umdurman: S.F. harufan sunayen jami'ai biyu ne na gidan bugun kuɗi na Gunzbag, a Jamus ta yau, kuma su aka yi ta kwafa daga baya, don haka ba su raba gardama. Wanda aka buga a Biyana, babban birnin Ostiriya, a ainihin 1780 harufansa I.C.F.A. ne, a ɓangaren mikiya.

Malam Habu Maƙeri: Sidewar nan ma kada a ɗauke ta shaidar tsufa. Na sha ganin wanda shekara talatin a wuyan mace ta cinye masa duwatsun maɓallin kafaɗa tas. Ka fara kai shi ma'auni: giram 28 ne da ɗan ɗigo, azurfarsa 833 cikin 1000. In ya yi ƙasa sosai, maganar ta koma ta jabu.

Hajiya Rabi Madani: To ko na Landan ne, ba na sayarwa ba ne. Sani, kada in ji ka kai shi kasuwa.

Sani Mai Wurno: Ba zan sayar ba, Goggo. So nake in sani. Bari in wanke shi da toka da lemun tsami ko wutsiyar ta fito.

Malam Habu Maƙeri: Kul! Toka za ta kankare ɗan abin da ya rage. Ka fita da shi rana da hantsi, ka karkata shi haske ya bugi gefe, ka ɗauko mana wutsiyar, da alamar X da ke bayan 1780, da rubutun bakinsa zagaye.