Wa Ya Ci Daular Salukawa: Roma ko 'Ya'yan Gida?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga magana na kawo, wanda bai yarda ba ya fito da hujja. Ni a wurina ba Roma ce ta kashe daular Salukawa ba, 'ya'yan gidan ne suka kashe ta da rikicin gadon sarauta. Ita ce daular da Salukus na Ɗaya ya kafa, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar na Makidoniya, bayan Iskandar ya mutu a Babila a 323. Girkanci ake yi a fadarta, kuma a ganiyarta ta miƙe daga Turkiyya ta yau har bakin Indiya. Duk shekarun da zan ambata na kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihis salam, don haka lissafin raguwa yake yi. Sa'ad da Fompi, sarkin yaƙin Roma, ya zo a 64 ya mai da Siriya lardin Roma, ko yaƙi bai yi ba. Abin da ya tarar bai wuce Antakiya da 'yan garuruwa ba, su ma ana ta ja-in-ja a kansu tsakanin 'ya'yan gida ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam, na ji, amma wa ya tsaga bangon? Ka ƙirga tun daga Salukus na Ɗaya har zuwa Salukus na Huɗu, sarakuna bakwai ke nan, shekara kusan 130. Duk daga uba zuwa ɗa sarautar ta bi, sai sau ɗaya da aka kashe Salukus na Uku a 223 ƙaninsa ya gaje shi. Kuma suna da dabara: sarki kan naɗa ɗansa abokin mulki tun yana da rai. Salukus na Ɗaya ya ba ɗansa Antiyokus gabashin daular yana mulki da sunan sarki tun fiye da shekara 10 kafin a kashe uban a 281, shi ya sa da abin ya faru daular ba ta watse ba. Gidan da ya iya wannan ba za a ce bai san gado ba.

Malam Habu:
Hajiya, kin tsallake 246.

Isuhu:
Malam, don Allah me ya faru a 246? Mu da ba mu yi nisa ba a ba mu labarin.

Malam Habu:
To Isuhu, saurara. Antiyokus na Biyu yana da uwargida, Lawodis, da 'ya'ya maza biyu. Da ya yi sulhu da Masar sai ya auri Baranis, 'yar Tolomi na Biyu, ya ture uwargida gefe. Amarya ta haifi namiji. A 246 ya mutu a Afisa, can inda uwargida take. Lawodis ta ce ɗanta Salukus ya bar wa sarauta, Baranis kuma tana Antakiya ta ce jaririnta ne sarki. Ɗan'uwanta Tolomi na Uku ya taso da rundunar Masar don ya taimake ta, kafin ya iso an kashe ta da yaron. Aka shekara biyar ana yaƙi, har Masar ta riƙe tashar jiragen ruwa ta Salukiya da ke bakin ƙofar Antakiya, ba a karɓo ta ba sai 219. Wannan bai lafa ba sai ƙanin sarki, Antiyokus Hiyaraks, ya ce shi ma sarki ne a Asiya Ƙarama, ya kuma ci wansa da yaƙi kusa da Ankara. A wannan zamanin ne Fartiya da Baktariya suka ɓalle can gabas, don ba mai lokacin waiwayarsu. Ku gaya mini, ina Roma a cikin wannan? Lokacin tana can tana fama da Kartaj a kan Sisili.

Baba Ɗanjuma:
Ni dai abin da na gani mata ne suka rusa gidan nan. Ga Lawodis, ga kuma Kiliyofatira Tiya daga baya, wadda ta auri sarakuna uku, ta kashe ɗanta na cikinta Salukus na Biyar, ta kuma haɗa wa ɗayan guba sai shi ya tilasta mata ta shanye.

Hajiya Rabi:
Baba, da girmanka, wannan ban yarda ba. Abin da Kiliyofatira ta yi wa 'ya'yanta mugun abu ne, ba na wanke ta. Amma wa ya aurar da ita ga Iskandar Balas, mai da'awar sarautar gidan? Ubanta, Tolomi na Shida. Wa ya ƙwace ta ya ba Dimitiriyus na Biyu da lissafinsa ya sauya? Shi ɗin dai. Aure na uku kuwa, da Antiyokus na Bakwai, ƙanin mijinta Dimitiriyus, ta yi shi ne lokacin da mijin yake hannun Fartiyawa a tsare, ga Tirifon, wani sarkin yaƙi ɗan tawaye, ya ƙwace Antakiya. Baranis ma ba ita ta kai kanta ba, da ita aka ɗaure yarjejeniya. Kuma tun kafin duk waɗannan matan Antiyokus na Ɗaya ya sa aka kashe babban ɗansa bisa zargin cin amana.

Malam Habu:
Wannan na ƙarshe ai ni kika ƙara wa hujja, Hajiya.

Hajiya Rabi:
Ban ce ba a yi rikici ba. Cewa na yi an yi, an kuma warke. Bayan duk abin da ka lissafa Antiyokus na Uku ya hau a 223 yana saurayi, ya murƙushe tawayen Molon gwamnan Madiya, ya kama Akayus, ɗan'uwansa da ya naɗa kansa sarki a Asiya Ƙarama, ya yi shekara bakwai yana zagaya gabas har Baktariya ta yi sulhu da shi, ya ci Masar a Faniyum a 200 ya ƙwace Falasɗinu. Daular da ta tsage ba ta yin haka. Abin da ba a warke daga gare shi ba shi ne abin da ya biyo bayan yaƙin Magnesiya, a Asiya Ƙarama. Roma ta ci shi da yaƙi, aka yi yarjejeniyar Afamiya a 188: ya bar duk ƙasar da ke yamma da duwatsun Torus, ya biya talanti 15,000 na azurfa (talanti babban ma'aunin nauyi ne), 12,000 daga ciki a cikin shekara 12, ya miƙa giwayen yaƙi da yawancin jiragen ruwansa, ya kuma ba da mutum 20 garkuwa, har da ɗansa. Ku riƙe maganar garkuwar nan, don a nan cutar take. Shekara ɗaya bayan haka aka kashe shi yana neman kwashe dukiyar wani haikali a Elam. Salukus na Huɗu ya hau, aka sako ƙaninsa Antiyokus daga Roma, aka tura ɗansa Dimitiriyus a madadinsa. Da waziri Heliyodorus ya kashe Salukus na Huɗu a 175, magajin yana Roma a tsare, baffansa ya hau ya zama Antiyokus na Huɗu. Daga ranar gidan ya rabu biyu, 'ya'yan wa da 'ya'yan ƙane. Da Antiyokus na Huɗu ya mutu a 164 ya bar yaro ɗan shekara 9. Dimitiriyus, wanda ya zama cikakken mutum, ya je gaban majalisar dattawan Roma ya roƙi a sake shi, suka hana, don yaro ya fi musu daɗin juyawa. Suka kuma turo jakadansu Oktabiyus ya ƙona jirage, ya sa aka yanke jijiyoyin giwaye. Sai guduwa Dimitiriyus ya yi a 162, Folibiyus marubucin tarihi na cikin waɗanda suka taimaka masa. Da ya zauna kuma sai majalisar nan ta ba da goyon baya ga Balas, wanda ya ce shi ɗan Antiyokus na Huɗu ne, mutane da yawa ba su gaskata ba. Malam, idan wannan ba hannun Roma ba ne, hannun wa ne?

Lawali:
Ku duka biyun yamma kuke kallo. Ni gabas nake kallo. Abincin daular da harajinta Babila ne, ba Antakiya ba. Mitiridatis na Ɗaya na Fartiya ya karɓi Madiya, sannan a 141 ya shiga Salukiya ta bakin kogin Dijla. Antiyokus na Bakwai ya dawo da Babila a 130, amma da hunturu ya raba sojojinsa cikin garuruwan Madiya, suka takura wa mutane da ci, garuruwan suka tayar, aka kashe shi a 129. Daga nan babu sauran daula, sai masarautar Siriya. Ba Baroma ko ɗaya a filin nan.

Malam Habu:
Lawali, ka tambayi kanka ina sojojin Salukawa suke a 141. Suna Siriya, rabi tare da Dimitiriyus na Biyu, rabi tare da Tirifon, suna yaƙar juna. Kuma ka duba abin da sarkin Fartiya ya yi da Antiyokus na Bakwai ya matsa masa: sai ya sako Dimitiriyus da yake tsare da shi kusan shekara 10, don ya koma gida ya tayar wa ƙaninsa da hankali. Masar ma haka ta yi da Iskandar Zabinas, wani mai da'awar sarauta da ta turo. Roma, Fargamon, Masar, Fartiya, kowa makami ɗaya ya ɗauka, wato ya nemo wani mai jinin gidan, ko mai da'awar jinin, ya ba shi kuɗi da soja. Me ya sa makamin ke ci kullum? Domin ba su da masu zaɓen sarki, ba su da doka da ta ce ga wanda zai hau. Sarki shi ne ɗan gidan da sojoji suka yi wa mubaya'a kuma ya ci yaƙi. Kowane mai neman kujera sai ya sayi magoya baya da wani yanki na daular. Balas ya ba Yonatan na gidan Makabiyawa, shugabannin Yahudawa, muƙamin babban firist a 152 don ya biyo shi. Dimitiriyus na Biyu ya yafe wa Saminu, ɗan'uwan Yonatan, haraji a 142 don kada ya bi Tirifon. Haka Yahudiya ta fita, da hannun sarakunan kansu.

Isuhu:
Amma Malam, ba Antiyokus na Huɗu ne wani Baroma ya zana wa da'ira a ƙasa ba?

Hajiya Rabi:
Shi ne, Isuhu, Allah ya yi maka albarka. A 168, a bakin Iskandariyya, Masar tana dab da faɗawa hannunsa. Fofiliyus, jakadan Roma, ya zagaye shi da sanda ya ce kada ya fita daga da'irar sai ya ba da amsa. Ya janye rundunarsa ya koma gida. Sarkin da aka yi wa haka a gaban sojojinsa, wane ɗan sarki ne ba zai ga cewa ainihin mai naɗi yana Roma ba?

Malam Habu:
Shekara biyu bayan da'irar ya yi gagarumin hawa a Dafni, kusa da Antakiya, da dubban sojoji, har da giwayen da yarjejeniya ta haramta, ba wanda ya hana shi. Ƙarfi na nan. Kuma ki koma 175 ɗin da kika kafa hujja a kai. Dimitiriyus lokacin bai wuce kimanin shekara 10 ba, ko yana gida wani ne zai riƙe masa. Ai yana da ƙane a Antakiya, shi ma Antiyokus, wanda aka ɗora a kan gado bayan kashe ubansu. Baffan ya zo ya zauna tare da shi da sunan abokin mulki, a 170 aka kashe yaron. Wannan ba ya Roma, yana cikin fada.

Hajiya Rabi:
Baffan kuma daga Atina ya taso, ba shi da runduna tasa. Yumenis na Biyu, sarkin Fargamon, shi ya ba shi kuɗi da soja, aka rako shi har iyakar daular Salukawa. Yumenis ɗin nan shi ne wanda ya jagoranci dawakin da suka karya ɓangaren rundunar Antiyokus na Uku a Magnesiya, shi kuma Roma ta ba mafi yawan ƙasar da aka ƙwace a Afamiya. Ka amsa mini wannan, Malam, ina jira.