Ciki da falo ne, kayan kuma na gida guda: me kuka saya kuka yi da-na-sani?

Amaryar bayan Sallah, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. An sa bikina bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu. Gidan da ya kama ciki da falo ne da kicin, a wajen Sharaɗa. Yayata ta je ta auno min: uwar ɗakin ƙafa 12 ce tsawo, 12 faɗi, falon ya ɗan ɗara ta kaɗan. Umma kuwa ta riga ta yi magana da kafinta a kan gado shida da shida, sif mai ƙofa huɗu, madubi, durowar gefen gado biyu, kujeru masu zaman mutum bakwai, da shoglas. Na ce mata kayan sun yi wa wurin yawa, ta ce ba za a shiga ɗakin 'yarta a ga fili ba. Ba na son ɓata mata rai, na san shekarun da ta kwashe tana zubin adashi saboda wannan rana. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga, ku gaya min yadda ta kasance da ku.

Maman 'yan biyu, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Abin da kike tsoro shi ya same ni shekara bakwai da suka wuce. Ranar jere aka sauke kaya, sif ya ƙi shiga ƙofa, sai da aka nemo kafinta da la'asar ya kwance shi ya sake ɗaurawa a ciki. Da aka gama sai aka ga bango ɗaya ne kawai zai ɗauke shi, shi ne mai taga. 'Yan jere suka ce a sa hakan, ai akwai fanka. Shekara biyu na yi a ɗakin da tagarsa ɗaya ke bayan sif. In Afrilu ya shigo aka ɗauke wuta, tabarma muke ɗauka mu fita tsakar gida. Wurin sallah ma babu, sai dai in fito falo in matsar da teburin tsakiya in shimfiɗa darduma. Da ciki ya tsufa, ratsawa tsakanin gado da sif sai da na riƙa yi a kaikaice.

Shawarata, kada ki ce wa Umma a rage kaya, kalmar ragi ce ba za ta so ji ba. Ki roƙi wata ƙanwarta ta raka ta gidan da alli a hannu, a zana gadon da sif ɗin a ƙasa daidai girmansu, ta shiga ta taka da ƙafarta. Abin da bakinki ya kasa, idonta zai faɗa mata.

Kafinta, Kaduna

Maman 'yan biyu ta yi gaskiya, bari in ƙara da lissafi don aikina ne. Shida da shida girman katifa ne. In aka haɗa da katakon gefe, gadon yakan kai ƙafa shida da rabi. Durowar gefe kowace kamar ƙafa ɗaya da rabi, biyu sun ci uku. Zurfin sif ƙafa biyu. Ki tara: 11 da rabi a cikin 12, kuma ba a buɗe ƙofar sif ba tukuna. Irin wannan ɗaki, gado biyar da shida ya ishe ku, durowa ɗaya, a manna madubin a jikin ƙofar sif, ƙofar kuma a yi mai turawa gefe.

Sai abin da mutane ba sa tambaya. Yawancin kayan da ake yayi yanzu allon MDF ne, garin katako ne aka matse da gam. Yana da kyau a ido amma ba ya shiri da ruwa. In ana kwara ruwa a wanke tayil, ƙasansa zai kumbura ya fara ɓarewa, kuma ba ya gyaruwa. Ki ce a yi masa ƙafafu ya ɗan tashi daga ƙasa. Tunda gidan haya ne, ki sani duk kwancewa da ɗaurawa ramin kusa yana ƙara buɗewa, tashi na biyu ko na uku sai ki ga ƙofa ta karkace. Kujera kuwa, a je a ga katakon cikinta kafin a rufe da soso da yadi. In ɗanye ne, hunturun farko zai tsattsage, ki fara jin ƙara in an zauna.

Hajiya, Katsina

'Yata, ki yi wa mahaifiyarki uzuri. Ni a 1984 aka kai ni ɗaki, gadon ƙarfe mai rumfa, langa da kwalla da fanteka an jera su bango guda har kusa da rufi. Yaran yanzu in sun ji suna cewa tarkace ne. Ba tarkace ba ne, dukiyar mace ce a lokacin. Da maigidan ya kwanta jinya wata huɗu, saitin kwalla biyu na sauke na ba dillaliya, da kuɗin muka ci abinci, ban roƙi kowa ba. Wannan tunanin ne a ran uwa in tana cika ɗaki, tana so ko bayan ranta 'yarta na da abin taɓawa. Ga kuma bakin 'yan ganin ɗaki, wanda ita zai dawo wa, ba ke ba.

Inda zamani ya canza shi ne kayan katakon yanzu in kin tashi sayarwa ko rabin kuɗinsu ba ki samu. Da zan aurar da autata, kuɗin shoglas na ɗauka na saya mata ɗan kunnen zinari da firiji, tana ƙulla zoɓo da ƙanƙara a cikin gida. Ki sa a faɗa wa Ummanki haka, ba rage mata kike so a yi ba, canza wa kuɗin wuri za a yi.

Malamar makaranta, Sakkwato

Ni girman kaya bai dame ni ba, launi ne ya wahalar da ni. Na ga hoto a waya na nace sai fararen kujeru, da kafet daga bango zuwa bango, da labule mai hawa uku. Aka kai ni a Nuwamba. Kafin Janairu ya ƙare kujerun sun koma ruwan ƙasa, in ka bugi labule ƙura ta tashi kamar an zazzage buhun gari, kullum ina cikin atishawa. Wata rana ina zagayawa da kaskon turaren wuta garwashi ɗaya ya faɗo, kafin in ɗauke ya huda kafet ɗin daidai bakin ƙofa, inda kowa zai gani. Yanzu leda ce a ƙasa da ƙaramin kafet a tsakiya wanda nake iya naɗewa in kakkaɓe a waje. Kujerun na kai yadi mai duhu wajen tela ya ɗinka musu riga, in ta yi datti in cire in wanke. Labule ki sa biyu kawai, mai kauri na rana da shara-shara na shan iska. Ke da kike Kano ma Kantin Kwari na kusa da ke, ki taɓa yadin da hannunki kafin ki biya.

Amaryar bara, Gombe

Ni dai ban yarda a taɓa sif ba. A rage kujera, a haƙura da shoglas, amma ki tuna da akwatunan lefe. Nawa guda shida ne, ƙaramin sif aka yi min, har yau uku suna jibge a lungu an rufa musu zani. Ki sa a yi shi dogo har silin, sama ta ɗauki akwatuna da barguna.

Magidanci, Bauci

Ku yi haƙuri in sa baki, don mu ma muna da laifi a nan. Ango ya kamata ya gama nasa kafin ranar jere: fenti ya bushe, a sa fanka, a sa ragar sauro a taga, a duba inda soket yake. Ni ban duba ba, gado ya rufe ɗaya, sif ya rufe ɗaya, muka yi ta jan waya a ƙasa har yarinya ta fara rarrafe, dole na kira mai gyaran wuta ya fasa bango. Kujeru bakwai kuma, tsakani da Allah a ƙasa muke cin abinci, baƙi ma in sun saba da kai ƙasa suke sauka.

'Yar Maraɗi

Ni falona kujerun ƙasa na yi, katifu sirara da matasai jingine da bango irin na Larabawa. In 'yan uwa sun zo daga ƙauye a kansu suke kwana, in za a yi shara a ɗaga su. Amma ki ajiye kujera ko ɗaya ce saboda tsofaffi. Surukata na da ciwon gwiwa, zuwanta na farko sai da aka aro mata kujerar roba a maƙwabta, na ji nauyin abin ƙwarai.

Amaryar bayan Sallah, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya Anti ta kai Umma gidan, sun tafi da alli. Anti ta ce da aka gama zanen Umma ta tsaya tsakiyar ɗakin ta yi shiru, can ta tambaya, "To a ina za ta yi sallah?" Ta janye shoglas da durowa ɗaya, kujeru an mai da su zaman mutum biyar, sif zai kai silin kamar yadda 'yar uwa ta Gombe ta ce. Gado ne ta ce shida da shida ba fashi, na bar mata. Malam kafinta, in aka sa kan gadon a bangon da ba taga, sif ya koma bangon ƙofa, zai yi?

Kafinta, Kaduna

Zai yi, in ƙofar ɗakin a kusurwa take. A auna daga bakin ƙofar zuwa ƙarshen bangon, a cire inci shida saboda makunnin fitila, abin da ya rage shi ne faɗin sif ɗinki. A kai wa mai aikin wannan awon tun bai yanka allo ba.