Shawarwarin bazara ga matafiya a Damagaram

Abin da direbobi da masunta suka fi nanatawa game da tafiya a bazara shi ne guguwar gabas. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, don haka a auna iskar taya da sassafe, kuma kada a buɗe lagireto yana tafasa. In gabas ta yi ja a hanyar Tanut, a sauka daga kwalta, a kashe fitilu, kada na baya ya bi haskenka ya afka maka.

Ƙura na hana matuƙin jirgin sama ganin fili, jinkiri ba abin mamaki ba ne. Masu kwalekwale a tafkin Gidimuni kuwa, su fito gaɓa da wuri, domin iska na riga ruwan sama isowa.