Neman taimako kan faifan waƙar Teresa Teng ta fim ɗin 1979

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu tara tsofaffin faifan garmaho na mawaƙan Taiwan, musamman waɗanda suka san waƙoƙin finafinan shekarun 1970.

Ina da faifai biyu masu ɗauke da waƙar "Xiao Cheng Gu Shi" wadda Teresa Teng ta rera wa fim ɗin darakta Lee Hsing mai wannan suna, wanda ya fito a 1979 kuma ya lashe kyautar Golden Horse ta fim mafi kyau. Ɗaya bugun Hong Kong ne na kamfanin Polydor, ɗayan kuma bugun Taiwan ne da aka rubuta shekara ta 68 a bayansa, wato 1979 idan aka ƙara 1911 bisa ƙidayar shekarun Taiwan.

Abin da ya shige mini duhu shi ne, idan na saurare su tare da fim ɗin, kiɗan buɗewa da saurin waƙar ba sa zuwa daidai da ko ɗaya. Shin an naɗi waƙar fim ɗin dabam ne, ko kuwa saurin kwafin bidiyon ne ya canza sautin? Wace alama zan duba a jikin faifan domin in gane bugun farko?